Yadda Aka Yi Na Zama Alƙalin Sin

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ba da darasina na farko a kan shari'ar ƙasar Sin ba. A tsawon shekarun da na yi ina koyar da tsarin mulki da siyasar Shinuwa, wato mutanen Sin, a jami'a a Yamai, ɗalibai sukan tambaye ni inda na fara wannan fanni. Nakan gyara tabarau in ce, "A Faransa, lokacin da nake rubuta kundin digirina." Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai ta tsallake wani wuri. A Dewule na fara, cikin ƙasar Buza, a kan tabarma, a gidan biki, ina ɗan shekara goma sha shida. A lokacin ko a mafarki ban taɓa ganin mutumin Sin ba.

Abin ya faru bayan ƙarewar yaƙin duniya na biyu da kaɗan. Ina cikin yaran da aka kwasa aka kai lakwal, wato makarantar boko, a Madawa (ba don iyayenmu suna so ba, kwamandan Nasara ya ce sarki ya kawo yara, sarki kuma ya duba gidajen da ba za su iya yi masa musu ba). Allah ya ba ni kai, aka tura ni babbar lakwal ta Yamai, na daɗe can ban leƙo gida ba saboda nisa da wuyar mota. A can muna da wani mushe, wato malami, ɗan Dahome mai koyar da labarin ƙasa. Littafinsa yana da shafi biyu a kan Sin, da hoton wata doguwar ganuwa, da hoton wani mutum mai kitso guda ɗaya har gadon baya. Na haddace shafukan nan kamar Fatiha. Na san Shinuwa suna da yawa, suna cin shinkafa da tsinke, sun tuɓe sarkinsu, suna girmama iyaye ƙwarai, kuma daga guntayen jaridun da mushe ke naɗe littattafai da su na tsinci cewa ɓangarori biyu na yaƙi da juna a kan mulki. Iyakar jarina ke nan. Amma a cikin ajinmu ni ake tambaya idan zancen Sin ya taso, kuma kun san yadda kan yaro ke kumbura da ɗan abu kaɗan.

Da aka ba mu hutun damina, na hau bayan wata motar kaya zuwa Madawa. Ina sauka na gamu da wasu fatake 'yan garinmu, suka ce kada in wahalar da kaina zuwa gida, duk dangi suna Dewule wajen bikin babbar ɗiyar Kawu Agali. Sai na bi su kai tsaye. Ku riƙe wannan: ban taka gidanmu ba, ban ji labarin kowa ba, ban san abin da ya faru a bayana ba.

Bari in faɗa muku shigar da na yi, tunda na riga na fara tona kaina. Gajeren wando na kaki, da taguwa mai aljihu biyu, da fensir a bayan kunne, da wata tsohuwar hular kwano irin ta Nasara wadda ta fi kaina girma. Sai kuma tabarau. Idona lafiya lau yake, har allura ina iya gani cikin yashi. Tabaran na wani abokina ne, gilashinsa gilashin taga ne kawai, na roƙe shi ya ara mini don hutu. Dalilin duk wannan shiri kuwa Rabi ce, ƙanwar amarya. Da zan tafi Yamai na bar ta 'yar ƙwailar da ke jifana da ƙwallon magarya, fataken kuma suka ce mini a hanya yanzu ta zama budurwa har samarin Garhanga na zuwa kallonta ranar kasuwa. Na ƙudura a raina cewa samarin Garhanga ba su da tabarau.

Mahaifiyata da ta gan ni ta rufe baki da gefen zane, na ɗauka kuka take na murna. (Bayan shekaru ta gaya mini rabin kuka ne, rabin kuma wani abu dabam.) Baba kuwa ya dube ni daga hula har ƙafa, ya ce, "Ka iso lahiya? To madalla. Taho ka gaida manya."

Manyan suna ƙarƙashin wata babbar rumfa a ƙofar gida, bayan la'asar, Kawu Agali a tsakiyarsu. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin ayarin raƙuma, yana jin Buzanci kamar yadda yake jin Hausa, kuma a duk ƙasar ba wanda ya kai shi iya dafa shayi. Lokacin yaƙi shayi ya ɓace ƙaf, sai ga shi don bikin ɗiyarsa ya samo wani ɗan akwatin katako cike da ganye daga hannun wani Balarabe. Yana zaune gaban garwashi, yana fasa kan sukari da gindin finjali, yana ɗaga 'yar buta sama yana tsiyayawa, mutane sun zuba masa ido kamar mai yin dabo.

A jikin akwatin akwai wani rubutu kamar sawun kaji. Wani tsoho ya juya shi ya ce, "Agali, wanga rubutu ba na Larabawa ba na, ba kuma na Nasara ba."

Kawu ya ce, "An ce daga Sin ganyen ya hito."

Limamin garin ya gyaɗa kai, ya ce Sin ɗin nan malamai na ambatonta idan suna son su nuna nisa, amma shi bai taɓa jin wanda ya je ya dawo ba. Nan ne Baba ya yi gyaran murya. Har yau ina ganin fuskarsa. Mutum ne da bai taɓa yafe wa lakwal ɗauke masa ɗa ba, amma ran nan akwai wani ɗan alfahari a muryarsa.

"Ga ɗan lakwal nan. Ku tambaye shi, mu ga abin da Nasara suka zuba mishi."

Aka miƙo mini akwatin. Na dube shi ta cikin gilashin taga, na ɗan karkata kai, na ce, "Wannan rubutun 'yan kasuwa ne, ba mu kai wurinsa ba tukuna. Amma ƙasar kanta na san ta."

Aka matsa mini wuri a tsakiyar tabarma. Ni da ya kamata in tsuguna can gefe wajen takalma, sai ga ni kusa da liman, da finjali a hannu.

Da farko gaskiya na faɗa. Na ba su labarin ganuwa, na ce ta fi daga nan zuwa Yamai tsawo nesa ba kusa ba. Na ba su labarin tsinke da shinkafa, wani ya ce to da fura fa, aka yi dariya. Na ce sun tuɓe sarkinsu, yanzu kuma ɓangare biyu na yaƙi a kan wanda zai riƙe ƙasa. Wani dattijo ya waiga ya ga ko akwai dogari kusa. Mutane suka fara ƙaruwa. Makaɗan da ke hutawa gindin bishiya suka matso. Ta cikin ramukan zanan da ya raba mu da cikin gida na hango idanun 'yan mata, na kuma gane wasu idanu biyu a cikinsu.

Sai shafi biyu suka ƙare.

Ai da na sha shayina na yi shiru, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma liman ya tambaye ni, "To ƙasar da ba sarki, wa ka yi musu shari'a? Suna da alƙalai?"

Ban sani ba. Kalmomi uku ne, ko jariri na iya faɗinsu. Na dubi ramukan zana, na dubi Baba da ke shafa gemu, na ji bakina ya ce, "Suna da su mana. Kowane alƙali da kujerarsa ta ƙarfe da ƙararrawa a gabansa."

Daga nan fa sai abin ya zame mini kamar gangaren dutse. Aka tambaye ni hukuncin ɓarawo, na ce ana ɗaura masa abin da ya sata a wuya ya yini da shi a rana. Wani ya ce in raƙumi ya sata fa, na ce sai a ɗaura shi shi a wuyan raƙumin. Aka tambaye ni mai tauye mudu, na ce ana auna masa abincinsa da mudun nan har shekara ta zagayo. Kowace amsa na bayar sai in ji "Allahu akbar" ko "ikon Allah", ni kuma sai wata ta faɗo mini wadda ta fi ta farko. Har lambobi na riƙa saka wa dokokin, ina jefa 'yan kalmomin Faransanci a tsakani don su ƙara nauyi. (Na yi shekaru ina gyara takardun jarrabawar ɗalibai, kuma duk wanda ya fara ƙago doka nakan gane shi tun layi na biyu. Suna mamakin yadda nake yi. Ban taɓa gaya musu cewa abokin sana'a ne ke duba su ba.)

Ana cikin haka sai ga Gwaggo Cima ta fito da ƙwaryar fura. Gwaggo Cima taubashiyar Baba ce, ɗan mace da ɗiyar namiji, kuma gidanta na jikin namu a gari. Mijinta ya rasu da daɗewa, ita ke noma 'yar gonarta da kanta. Tun ina ƙarami na san in ta haɗu da Baba sai an raba su don tsiya da barkwanci: tana ce masa bawanta, yana ce mata tsohuwar da ta ƙi mutuwa. Da ina da hankali ran nan, da na lura cewa ta ajiye ƙwaryar ba ta ko dubi inda yake ba, shi ma ya kau da kai yana kallon garwashi. Ban lura ba. Ina can Sin.

Ta tsaya da hannu a ƙugu tana saurare. Can ta ce, "Ɗiyana, ashe haka ka yi ilimi? Ni ma ina da tambaya, in an yarda tsohuwa ta yi magana cikin maza."

Kawu Agali ya ce, "Cima, yau biki na."

"Tambaya ɗai ta, Agali. Ba a hana tambaya ran biki."

Na gyara zama na ce, "Faɗi, Gwaggo. A Sin mace ma tana da bakin magana gaban alƙali."

"Madalla da Sin," in ji ta. "To mi suka ce ga mutumin da jakinai ya kwance da dare, ya shiga gidan mace wadda ba ta da miji, ya jawo damen irin da ta ajiye bisa rumhwa tun kaka, ya cinye shi tas, ana gab da shibka?"

Wurin ya yi wani irin shiru. Na ɗauka jiran hikima suke. Wani daga bayana ya ɗan ja mini gefen taguwa, na ture hannunsa.

"Wannan babban laifi ne," na ce. "Iri ba hatsi ba ne kawai, abincin baɗi ne. A Sin wanda dabbarsa ta ci irin wani, kamar ya ci shekararsa ne."

(Wannan kam ko yau na tsaya a kai. Ita kaɗai ce magana mai hankali da na yi a yinin.)

"To in mai jakin ya ce ba nashi ba na? In ya ce nashi na ɗaure, alhali an bi sawu har bakin turkenai?"

Baba ya yi tari. Ya ce, "Yaro, sha shayinka, ya huce."

"Baba, bari in ƙarasa, wannan babi ne mai muhimmanci." Na juya wajen Gwaggo. "Musu yana ninka laifi. Da ya amsa, da iri kawai zai biya. Tunda ya yi musu, za a ɗora shi a kan jakin nan, fuskarsa na kallon wutsiya, a zaga da shi gaban jama'a. Sannan ya nome wa matar gonarta damina guda, tun daga shuka har girbi."

Wani makaɗi ya saki wata 'yar ƙara kamar an taka ɗan akuya, ya toshe bakinsa da hula. Liman ya sunkuyar da kai yana jan casbi da sauri. Ni kuwa na ga alamar darasi na shiga.

Gwaggo Cima ta matso taki ɗaya. "In dattijo na hwa? Mai gemu, mai jikoki, wanda ka zama sahun gaba a masallaci?"

Nan na tuna da abu ɗaya na gaskiya da ya rage mini daga shafi biyu, wato girmama iyaye. Na ji daɗi ƙwarai da na samu wurin saka shi. Na ɗaga yatsa sama kamar yadda mushe ke yi.

"A nan ne Shinuwa suka fi kowa. Ba a wulaƙanta dattijo a Sin. Laifin uba, ɗa ke ɗauka. Babban ɗansa namiji shi zai hau jakin, shi zai yi noman, kuma ya yi yana murna, don ya fanshi mutuncin mahaifinsa."

"Kowane irin ɗa?"

"Ko ɗan sarki ne, Gwaggo. Doka ba ta san fuska ba."

Ta kalle ni da wani irin tausayi. Sannan, a karo na farko tun fitowarta, ta juya ta dubi Baba.

"To, Mamman. Ka ji."

Ban gane nan take ba. Na dubi Baba, na dubi Gwaggo, na dubi fuskokin da ke kewaye da ni, kowa ya cika kumatu yana jiran wanda zai fara fashewa. Sai na tuna cewa da muka iso na ga wani baƙin jaki mai farin baki ɗaure a bayan rumfa, da shimfiɗar da na sani a bayansa, jar shimfiɗar da mahaifiyata ta saƙa. Ba mu da jaki lokacin da na tafi Yamai. Kuma ni ne babban ɗan Baba. Ni kaɗai ne ma namiji.

Daga baya na ji cikakken labarin. Maganar ta yi watanni tana ci. Gwaggo ta yi yawon roƙon iri gida gida, abin da ya fi asarar kanta yi mata ciwo. Baba kuwa ya kafe cewa jakinsa bai kwance ba, don ya riga ya faɗa gaban mutane, janyewa ta yi masa nauyi. Sun daina gaisawa. Gwaggo har ta fara zancen kai ƙara gaban sarki, dangi na ta fargabar kada abin ya ɓata bikin. Kowa a rumfar nan ya san wannan, ban da alƙali.

Baba ya ajiye finjalinsa a hankali. Ya shafa gemu. Na zaci zai tashi ya bar wurin, ko ya kwaɗa mini mari, kuma da ya yi ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya ce, cikin natsuwa kamar mai ba da labarin farashin gero:

"Ni dai tun farko na ce ba jakina ba na. Amma tunda shari'ar Sin ta ce ɗa ka biya, to na tuna. Jakina na."

Rumfar ta kece. Kawu Agali ya kifar da butar shayi cikin garwashi. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Daga bayan zana na ji 'yan mata na faɗawa kan juna. Gwaggo Cima ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye tana cewa, "Bawana, ashe kana da sauran kunya," Baba kuma na ce mata, "Tsohuwa, ke kin ƙi mutuwa har kin ga an yi miki shari'a a Sin."

Ni kuma na nemi hanyar tsira. Na ce ai a Sin akwai ɗaukaka ƙara. Kawu ya ce, "Wurin wa? Kai ka ce sun tuɓe sarki." Na ce ai dokar ba ta aiki a wajen ƙasarsu. Liman ya ce, "Ɗazu ka ce doka ba ta san fuska ba, ashe ta san gari?" Da na ga duk ƙofofi sun rufe, sai na cire tabarau, na riƙe shi a hannu, na ce da muryar da ni kaina da ƙyar na ji:

"Kawu, shafi biyu kawai na karanta. Sauran duk ni na ƙaga."

Kawu ya dafa kafaɗata. "Mun sani, ɗana. Tun wajen raƙumi muka gane. Amma hira ta yi daɗi, kuma hukuncin ya yi kyau. Ba mu tashe shi."

Aka kwanto jakin.

Ban san ko a cikinku akwai wanda ya taɓa hawan jaki yana kallon baya ba. Ba abin riƙewa sai wutsiya, jaki kuma ba ya son a riƙe masa wutsiya. Aka zaga da ni filin ƙofar gida, makaɗa na biye, nan take suka ƙaga mini kiɗa da kirari, suna kirana Alƙalin Sin, mai yanke wa kansa. Yara na tafa hannu. Hular kwano ta zamo ta rufe mini ido, na ɗaga hannu in gyara, jakin ya yi tutsu, na rungume gindinsa da hannu biyu. Da na samu na ɗago kai, mutum na farko da na gani ita ce Rabi, ta fito daga bayan zana gaba ɗaya, ta riƙe ciki, hawaye na zuba. Ba irin kallon da na yi tafiyar kwanaki ina shiryawa ba ke nan.

Gwaggo Cima ce ta tsayar da abin tun ba a gama zagaye na biyu ba. Ta kama igiyar jakin ta ce, "Ya isa. Ku sauke mini ɗiyana, kada ku karya mini manomi."

Noman kuwa na yi shi. Hutun nan duka a gonarta na ƙare shi. Hannuna da ya saba da fensir ya yi kanta ya fashe ya sake yin kanta. Kullum da hantsi takan kawo mini fura ta zauna gindin wata 'yar bagaruwa ta ce, "Alƙali, ba ni labarin Sin, amma na gaskiyan." Sai in sake maimaita mata ganuwa da tsinke, don ba ni da wani. Wata safiya na iso gona na tarar da Baba ya riga ni, yana ta noma a kuyya ta can gefe. Na kama tawa kuyyar, muka ci gaba da aiki. Da Gwaggo ta zo ta gan shi, ta ce furar mutum ɗaya ta dama, bawa sai ya jira saura. Da kaka, bayan na koma Yamai, aka aiko mini cewa ya kai mata dame mafi kyau na gonarsa, ya ɗora mata a kan rumfa da hannunsa, ya kuma ƙara wa rumfar tsawo.

Sunan bai bar ni ba. Wani ɗan Keita da muke lakwal tare ya kai shi Yamai, daga Yamai ya bi ni Dakar inda na fara karatun shari'a. Da na isa Faransa, ranar da za a zaɓi abin da kowa zai yi bincike a kai, abokaina suka ɗauki dokar filaye da dokar gado ta ƙasashenmu. Ni na ce tsarin mulki da kotunan sabuwar gwamnatin Sin. Tsohon farfesan da zai duba aikina ya sauke tabaransa (nasa na gaske ne) ya tambaye ni abin da ya haɗa ɗan Nijar da Sin. Na yi masa dogon bayani a kan ƙasashen manoma da yadda suke gina hukuma. Ya gamsu. Ban ga hanyar da zan bi in fassara masa jaki ba.

Na koyi harshen da girmana, da wahala, har sawun kajin nan ya fara yi mini magana. Na yi shekaru ina karanta dokokinsu kafin hanya ta buɗe in je ƙasar da ƙafata. Na zauna a kotunansu, na yi hira da malamansu, na dawo na ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce, har aka wayi gari idan baƙi daga can sun zo, ni ake kira in zauna kusa da manya. Rabi, wadda ta ƙi samarin Garhanga ta aure ni, ta ce tun ranar jakin ta yanke shawara, wai mutumin da aka yi wa haka bai gudu daga gari ba zai iya zama da mace. Har gobe in na cika bayani a gida takan ce, "Alƙali, wannan daga shafi biyu ne ko daga kanka?"

Da na dawo daga tafiyata ta farko zuwa Sin na je gaida Baba. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, Gwaggo Cima kuma ta riga mu gidan gaskiya. Na kawo masa shayi da wata 'yar buta mai zane. Ya shafa ta, ya ajiye, ya jawo ni kusa kamar zai faɗa mini asiri.

"To, ka je ka gani da idonka. Ana hawan jakin?"

Na ce, "Baba, na bincika ko'ina. Babu wannan dokar."

Ya girgiza kai. "Kaico. Ashe mun hi su shari'a."

Shi ya sa duk shekara, ranar da sababbin ɗalibai suka zauna gabana da sababbin alƙalumansu, kafin mu buɗe kowane littafi nakan ba su shawara biyu. Ta farko, su koyi faɗin "ban sani ba" tun bakinsu bai yi tauri ba. Ta biyu, duk ranar da wata tsohuwa ta tsaya da hannu a ƙugu ta ce tambaya kawai take yi, kada su yanke hukunci sai sun fita sun duba wanda ya ɗaure jaki a bayan rumfa. Sukan rubuta ta farkon. Ta biyun sai su dubi juna, ni kuma in ce su buɗe shafi na ɗaya.